Tsaga Uku a Kumatun Kawu Tweneboa

Ina cikin juya kifi a mai Anti Dufie ta zo ta tsaya a gaban teburina, ba gaisuwa ba komai. Dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi nake sayarwa a bakin tashar Bantama tun 'yata Pomaa tana goye, na san tsayuwar mai saye, na san ta wanda ya zo da magana. Ta miƙo mini wayarta, irin mai tsadar nan da 'ya'yanta ke aiko mata daga Turai. Na ce hannuna duk mai ne. Ta ce ba riƙewa za ki yi ba, kallo za ki yi.

Fuskar yayanta ce, Kawu Tweneboa, 'yar mitsitsiya, ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ga sanƙon, ga farin gemun, ga tabarau. Na gane aikin 'yata ne. Dangin su Dufie za su ɗora Kawu a kujerar sarautar gidansu, sai suka sa Pomaa ta yi musu shafi a intanet, tun daga kakar kakanni har jikokin da ke waje, kowa da fuskarsa. Mutanen da can ba su bar hoto ba, shi ya sa ta zana kowa iri ɗaya, da 'yan ƙananan akwatuna jere kamar tayil. Ta nuna mini tun tana yi, na ce ya yi kyau, na koma kan kifina.

Amma wannan da ke hannun Dufie, daga gefen bakinsa zuwa kunne, ga layi uku farare tas, sirara kamar an ja da reza.

Ina da masu sayen dokunu daga Zongo, unguwar 'yan arewa, da tsagarsu a fuska, da ita suke taƙama, ba ruwan kowa. A gidan da ke da kujera kuwa magana daban ce. A wurinmu gado ta ciki yake bi, ta wajen uwa. Ka sa wa mutum tsaga a kumatu ana gab da naɗa shi, ka ce kakarsa sayo ta aka yi ke nan. Kuma ba a tona asalin mutum. Ko da gaskiya ne ba a faɗa, balle ƙarya.

"Ki tambayi 'yarki wa ya aike ta," in ji Dufie.

Sai ta buɗe jakarta kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Ƙwai ne a cikin farin ƙyalle, da kwalbar giyar da ake zuba wa ƙasa. Ta ce dangi za su zauna ranar Lahadi bayan an taso coci. In yarinyar ta wanke kanta, to. In ba ta wanke ba, ita ba za ta je kotu ba, ba za ta je wurin 'yan sanda ba. Kogin garinsu za ta je, ta fasa ƙwan nan, ta kira sunan Pomaa cikakke.

Ni 'yar zumuntar mata ce a cocinmu, ban taɓa durƙusa wa kogi ba, ba kuma zan fara ba. Amma ina da ido. Na ga wani makanike a layinmu da aka kira sunansa a bakin ruwa kan maganar batir. Ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ciki, sai fuska. Likita ya ce ƙoda ce. Wataƙila ƙodar ce. Binne shi dai aka yi. Kuma ko ruwa bai yi komai ba, yarinyar da aka fasa ƙwai da sunanta ba mai ba ta aiki a Kumasi, ba mai aiko da mutanensa su ƙwanƙwasa ƙofarmu don neman aurenta.

Na sauke kaskon, na bar wa maƙwabciyata teburin, na hau tirotiro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adum wurin Pomaa, a benen da matasa ke hayar kujera da intanet suna aiki.

Pomaa ta riga ta gani. An ɗauki hoton gilashin waya an watsa a guruf ɗin dangi. Ta juyo mini da kwamfutarta, ga Kawu fes, kumatu sumul. Ta buɗe a wayarta, nan ma sumul. Dariya ma take yi, wai ƙaramin abu ne, kowane mai irin aikinsu ya taɓa cin karo da shi. Wai Mama kin bar kifi ya ƙone saboda layi. Na gaya mata abin da ke cikin jakar Dufie. Dariyar ta tsaya.

Na tambaye ta wa ya kawo mata aikin. Ta ce Ntim, wanda suka yi makaranta tare. Na ce Ntim ɗan wa? Ta san amsar. Uwar Ntim daga ɗaya ɗakin take, ɗakin da su ma suka nemi kujerar suka rasa.

Na ce to ki gaya mini yadda layin ya fito, da maganar mutane, ba ta makaranta ba. Ta ce fuskokin nan ba hoto ba ne irin na kyamara. Umarni ne take rubutawa, a sa akwati mai ruwan ƙasa a nan, a sa baƙi a can, wayar mutum ce ke zanawa da kanta duk sanda ya buɗe shafin. Abin da ke zanawar shi ake kira burauza, kuma iri-iri ne, kowace da hannunta. Gilashin waya kuma ɗigo-ɗigo ne. In bakin akwati ya faɗa a tsakiyar ɗigo, wata burauzar sai ta shafa masa rabin launi, ta shafa wa na kusa da shi rabi, rabi biyun kuma ba sa rufewa ruf. Sai abin da ke baya ya leƙo ta tsakani.

Na ce me ya sa Kawu kaɗai, duk dangin nan?

Ta ce kowa a kan shimfiɗa mai ruwan ƙasa yake, kusan launin fata, ko ya leƙo ba a gani. Kawu ne kaɗai ta ɗora a kan fari, don shi za a naɗa, fari kuma na nasara ne. Girmama shi ta yi.

Na ce to gyara. Ta ce matsalar ita ce ba ta iya ganin abin a nata kayan, ba za ta gyara abin da ba ta gani ba. Wayoyi take buƙata, iri daban-daban, da yawa.

Wannan kam aikina ne. Ranar taron zumunta, bayan addu'ar rufewa, na tashi na ce kowa ta sa wayarta a tiren nan, zan dawo da su kafin a ɗora tukunyar yamma. Ban faɗi dalili ba, rabinsu sun riga sun sani. Mama Ataa ta ce in 'yata ta buɗe saƙonninta ita ma za ta nemi ƙwai. Aka yi dariya, amma gajeriya. Matar katikis, malamin cocinmu, ta rubuta mini lambar buɗe tata a tafin hannu, ta matse hannun.

Muka jera wayoyin a teburin ɗakina, rana na shigowa ta taga. Pomaa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana buɗe shafin. Da ta gama na duba. Kawu Tweneboa ne cike da teburin, duk yana kallona. A wasu fes yake. A wata layi biyu ne. A ta Mama Ataa layi ɗaya ne ya raba goshinsa. A wayoyi irin ta Dufie kuwa, uku ne cif, daga baki zuwa kunne. In ka ja da yatsa ka ƙara girman shafin, sai su ɓace, ka ƙara kaɗan su dawo a wani wurin, kamar abu mai rai yana neman inda zai zauna. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki na ajiye a gefen teburin. Pomaa ta kalle ni, ta koma kan kwamfutarta.

Da farko ta ba burauzar umarni kada ta shafa rabin launi, ta yanke baki tsaf. Layukan suka tafi a wasu wayoyin, amma a ta matar katikis ido ɗaya ya fi ɗaya girma, baki ya karkace kamar mai shanyewar jiki. Na ce a'a, wannan ma wata maganar ce. Sai ta ƙara wa kowane akwati girma kaɗan, don su hau kan juna su rufe tsakanin. Ta danna, wayoyin suka sabunta.

Fuskar Kawu ta kumbura. Kumatun suka cika, idanun suka shige ciki.

Na ce cire wannan yanzu. Ta fara bayani wai ta yi yawa ne, za ta rage. Na ce Pomaa, cire. Ta cire.

Na zuba mata ampesi, wato dafaffiyar doya, da miyar kontomire ta ganyen gwaza, ta ci loma biyu ta ture. Sai ta fara aiki na dogon lokaci. Duk akwatunan da ke launi ɗaya ta haɗe su suka zama abu guda, babu tsakani balle a leƙo. Sannan ta shimfiɗa launin fata a ƙarƙashin fuskar gaba ɗaya, yadda ko an sami 'yar kafa, fata ce za ta fito ba fari ba. Muka bi wayoyin duka. Muka ja, muka matse, muka kwantar da su a gicciye. Kawu fes a ko'ina. Na ce mun gode wa Yesu, na kwashe wayoyin a tire na mayar wa masu su.

Ta ɗora gyaran a shafin. Washegari na sa zanina mai kyau na je gidan Dufie a Kwadaso, na ce ta buɗe ta gani. Ta buɗe. Ta kalla. Ta kashe wayar ta sa a jaka, kusa da farin ƙyallen.

"To ai ga shi ta cire," in ji ta. "Da ba ita ta sa ba, ta ina ta san inda za ta cire?"

Na dawo gida. Mun gyara fuskar, mun ɓata maganar. Da mun bar layin a wurin, da akwai abin nunawa. Pomaa ta ce tsohon zanen yana nan ba ta goge ba, za ta iya mayar da shi a gaban dangi su ga yadda yake fitowa a wata waya ya ƙi fitowa a wata. Na ce ki mayar wa Kawu tsaga karo na biyu, a gidansu, a gaban 'yar'uwarsa? Ta dafe kai.

Ranar Lahadi daga coci muka wuce, ban ko cire ɗankwalin zumunta ba. An kafa kujeru a tsakar gidan dangi. Opanyin Akuoko, babban dangin, yana tsakiya da zaninsa a kafaɗa. Kawu Tweneboa yana gefensa, bai ɗago kai ba tun da muka shigo. Dufie ta ajiye jakarta a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ntim bai zo ba. An ce ya tafi Accra, wai aiki. Muka bi layi muna gaisawa daga dama, aka ba mu ruwa, aka tambaye mu abin da ya kawo mu kamar ba su suka kira mu ba.

Pomaa ta yi bayani. Ta yi ƙoƙari, ta kawo maganar tayil, ta kawo ta ɗigo. Wani tsoho ya ce shi tun da yake bai taɓa jin waya ta yi wa mutum aski ba. Aka yi 'yar dariya. Wata ta ce in haka ne me ya sa wayar ba ta zaɓi kunne ko gemu ba, sai wurin da ake tsaga. Pomaa ta ce kumatu ne wuri mai faɗi da launi ɗaya, nan ya fi fitowa. Ba wanda ya gyaɗa kai.

Opanyin ya ce magana ba ta wanke mutum a nan, sai abin da ido ya gani. In gaskiya ne kowace fuska za ta iya yin haka, a nuna. Amma ba da fuskar Tweneboa ba, an riga an taɓa ta sau ɗaya. Ba da ta matattu ba. Ya duba hagu ya duba dama, ya tambaya ko akwai ɗan dangi da zai ba da tasa.

Ba wanda ya miƙe. Wasu suka duƙar da kai, wata ta gyara zani. Na ga hannun Dufie ya sauka ya taɓa jakar.

"Opanyin," na ce, "ga tawa."

Pomaa ta riƙo hannuna ta ce Mama, a hankali. Na ce zauna ki zana, kifi na jirana gobe.

Aka fito da tebur tsakiyar fili. Opanyin ya sa mutum biyu su tsaya a bayanta su ga duk abin da hannunta ke yi, ɗayansu malamin sakandare ne da ya ɗan san kwamfuta. Ni kuma na zauna a gabanta kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Ta jera akwatunan irin na da, yadda ta yi wa Kawu tun farko. Ɗankwalina, wushiryata, tabon man da ke haɓata. Ta juya kwamfutar kowa ya gani. Wani ya ce ai har faɗan ya fito. Malamin ya rantse ba ta ja layi ko ɗaya ba. Sai ta ɗora fuskata a kan farar shimfiɗa, a daidai gurbin Kawu a wani kwafin shafin, ta aika wa kowa.

Opanyin ya fara buɗewa. Ya miƙa wa na kusa da shi. Fuskata ce, sumul. Malamin ya buɗe tasa, sumul. Aka ci gaba da buɗewa. Na fara Zabura a zuci, na kasa wuce layin farko.

Dufie ce ta ƙarshe. Ta ciro wayar a hankali, ta danna, ta jira. Na ga fuskarta ta canza kafin in ga tawa. Ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta ɗago ta kalli kumatuna na gaske, ta koma ta kalli gilashin. Opanyin ya miƙa hannu, ta ba shi. Ya ɗora wayarta kusa da tasa a gwiwarsa. Ni ce a duka biyun. A ɗaya ba komai. A ɗayar, layi uku farare daga bakina zuwa kunne.

Wayar ta zaga filin daga hannu zuwa hannu. Duk wanda ta iso wurinsa sai ya kalla, ya ɗago ya kalle ni. Na ji ƙarar ɗaukar hoto daga baya, ban juya ba.

Opanyin ya ce yarinyar ta fita, ba hannunta. Ya ce maganar ta mutu a nan, duk wanda ya tashe ta shi da dangi ne. Ya ce wa Dufie ƙwan nan ta dafa wa jikokinta. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Da muka zo sallama ta riƙe hannuna ya fi yadda ake riƙewa.

"Maame Konadu," ta ce, "ke, mutanen ina ne ma dangin uwarki?"

Na ce mutanen Offinso, kowa ya sani. Ta ce haka ne, ta saki hannun.

A bakin ƙofa Kawu Tweneboa ya iso mu. Shi ne karo na farko da ya yi magana ranar. Bai kalli Pomaa ba, ni ya kalla. Ya ce shi an cire masa tasa tun shekaranjiya, amma har yau in ya shiga wuri kumatunsa ake fara gaisarwa. Ya ce in sani. Na ce na gode, Kawu, Allah na nan.

Pomaa ta goge zanen tun muna cikin tirotiro. Amma hoton da aka ɗauka ba a wurinta yake ba. Kafin Lahadi ta zagayo ya kai tasha. Masu saye ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, sai dai mutum zai karɓi dokununsa ya tsaya yana neman canji a fuskata. A zumunta wata mata da muka yi shekaru muna zama benci ɗaya ta tambaye ni, cikin wasa wai, ko na taɓa ganin kakata da idona. 'Yar ƙanwata da ake maganar aurenta a Offinso, dangin mijin sun ce za su ɗan ƙara bincike. Ban gaya wa Pomaa wannan ba. Ta sami sabon aiki daga wata makaranta, tana ci tana barci, duk abin da ta zana yanzu sai ta shimfiɗa masa launi a ƙasa kafin ta ɗora komai.

Ran nan da safe ina kunna gawayi sai ga mai aikin gidan Dufie. Ta ajiye ƙunshi a teburina, ta ce Anti ta ce a ba ni, ta juya. Farin ƙyallen ne. Ƙwan suna ciki, ba wanda ya fashe. Kwalbar ba ta zo ba.

Na tsaya ina kallonsu har man ya fara hayaƙi. In na zubar, an ce na ji tsoro. In na mayar, na ƙi sulhu. In na kai gida, Pomaa tana son ƙwai da burodi. Na ɗora hannu a kansu na yi addu'a da sunan Yesu, da ƙarfi, har direbobin tasha suka ce amin. Na fasa su a gefen kaskon, na soya, na cinye a tsaye ni kaɗai.

Lafiyata lau. Ina zuwa tasha, ina zuwa coci. Da safe dai kafin in sa silifa nakan danna idon sawuna da yatsa, in jira in ga ko wurin zai taso.